Wa Zai Tsaya wa Yaron Kurfai a Gaban Shari'a?

Ranar 14 ga Nuwamba 2015, jirgin da ya ɗauko Hama Amadu daga Faransa yana sauka a Yamai jami'an tsaro suka yi awon gaba da shi. Daga bisani aka wuce da shi gidan kason Filinge, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da babban birnin. Daga cikin wannan gida ne tsohon firaministan, kuma tsohon shugaban majalisar dokoki, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a Fabrairun 2016, har ya zo na biyu. Garin da a da sai dillalan shanu da matafiya hanyar Tawa suka fi saninsa, sai ga sunansa safe da yamma a gidajen rediyon duniya.

Shari'ar ta jarirai ce. An zargi mutane kusan talatin, cikinsu har da manyan ƙasa da matansu, da samo jarirai daga gidajen da ake tsare 'yan mata masu ciki a kudancin Najeriya, a bi da su ta Benin, a shigo da su Nijar a ce 'ya'yan cikinsu ne. Hama ya musanta zargin har ya koma ga Mahaliccinsa a Oktoban 2024, yana cewa bi-ta-da-ƙullin siyasa ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta yanke masa ɗaurin shekara guda a Maris 2017. Ya dawo gida daga ƙasar waje a Nuwamban 2019 ya koma gidan kason Filinge, sannan ya fita a Maris 2020 cikin fursunoni 1,540 da aka yi wa afuwa saboda annobar korona.

Shekaru aka yi ana ka-ce-na-ce a majalisun shayi da zaurukan siyasa, kowa na kare gwaninsa. Waɗanda aka fi mantawa da su a duk wannan hayaniya su ne jariran. Wace ce uwar kowannensu? Wane suna zai ɗauka, wace ƙasa ce tasa, wa zai riƙe shi idan aka ɗaure wanda yake kira baba? Dokar Nijar ta tanadi mutumin da aikinsa ke nan, ya yi irin waɗannan tambayoyi a madadin wanda bai isa ya yi su da bakinsa ba. Shi ne alƙalin yara.

Ƙasar da yara suka fi yawa

Filinge tana zaune a kwarin Dallol Boso, hanyar wani tsohon kogi da ya ƙafe tun zamanin da, inda har yau ruwa bai yi nisa da doron ƙasa ba. Kurfayawa Hausawa ne da ke zaune tsakiyar Zabarmawa, Abzinawa da Fulani. Gundumar ta ƙunshi Filinge kanta, da Kurfai ta Tsakiya mai cibiya a Shikal, da Imanan wajen Bonkuku, da Tondikandiya wajen Damana. Arewa kaɗan da garin akwai Tukunus, tashar da ta yi suna wajen kiwon shanun Azawak. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 300,000 a gundumar, kuma kamar sauran sassan Nijar, kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba.

Da an kai hatsi rumbu, magidanta da samari sai su kama hanyar cin rani, wasu Yamai, wasu Najeriya, wasu har bakin teku. Gida ya koma hannun mata, tsofaffi da yara. Yaro ne ke kora awaki daji, yarinya ce ke bakin rijiya tun asuba, su ne masu talla ranar kasuwa. Wani an miƙa shi ga malam ya tafi almajirci, wata an kai ta aikatau birni. Hausawa na cewa ɗa na kowa ne, kuma a mafi yawan lokuta dangi da maƙwabta suna cika wannan magana. Matsalar tana tasowa ne ranar da riƙon ya ɓaci, ko ranar da yaron ya faɗa hannun hukuma.

Yadda kujerar ta samo asali

Tunanin ware wa yara kotunsu ba daɗaɗɗe ba ne. An buɗe irinta ta farko a birnin Shikago na Amurka a 1899. Faransa ta kafa kujerar alƙalin yara da dokar 2 ga Fabrairu 1945, lokacin da yaƙin duniya na biyu ya bar dubban marayu suna gararamba a tituna. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1990, ta kafa kotunan yara da wata doka a 1999, sannan ta sabunta tsarin da doka mai lamba 2014-72 ta ranar 20 ga Nuwamba 2014.

Aiki biyu dokar ta ɗora wa wannan alƙali. Na farko, yaron da ake zargi da laifi. Na biyu, yaron da bai yi laifin komai ba amma lafiyarsa, tsaronsa ko tarbiyyarsa na cikin haɗari: jaririn da aka tsinta, marayan da ake gallazawa, yarinyar da ta gudu daga gida. A manyan kotuna kamar na Yamai da Tilaberi akan naɗa alƙali na musamman. A ƙananan kotunan gunduma irin ta Filinge kuwa, alƙalin da ke sauraron rikicin gona, rabon gado da satar dabbobi shi ne kuma ke ɗaukar wannan nauyi.

A ce ranar kasuwar Lahadi an kama wani yaro riƙe da igiyar akuyar da ba tasa ba. Jama'a sun taru, wasu sun fara kai masa hannu, jandarmomi suka janye shi. Tambayar farko da alƙali zai yi ba ta shafi akuyar ba, shekarun yaron zai tambaya. Dokar hukunta laifuka ta Nijar ta ce wanda bai kai 13 ba, ba a ɗora masa alhakin laifi. Abin da ya rage shi ne a nemi yadda za a kare shi a gyara shi. Daga 13 zuwa 18 ana duba ko ya san nauyin abin da ya aikata, kuma ko an same shi da laifi hukuncinsa ba ya kai na babba.

Daga nan sai a nemo iyayensa ko mai riƙonsa. A tura ma'aikacin jin daɗin jama'a ya je ƙauyensu ya ga gidan da ya fito: yana makaranta ko ya bari, uban yana nan ko yana cin rani, yunwa ce ta kai shi ko wani babba ne ya aike shi. Dole a ba shi lauya ko mai kare shi da kotu ta naɗa, kuma hukumar ANAJJ, wadda aka kafa da dokar 2011 don taimakon marasa ƙarfi a gaban shari'a, ta sa yara cikin waɗanda ake yi wa haka kyauta. Ana yin zaman ne ƙofa a rufe, ba a shelar sunansa. A ƙarshe alƙali na iya mayar da shi hannun iyaye da gargaɗi, ko ya damƙa shi ga wani amintacce, ko a kai shi koyon sana'a. Gidan kaso shi ne zaɓin ƙarshe, kuma ko can doka ta ce a raba shi da manya.

Haka abin yake a rubuce. A aikace, ma'aikatan jin daɗin jama'a ba su da yawa, kuɗin man babur ma wani lokaci sai an yi fama. Lauyoyi kusan duk suna Yamai. Ba kowane gidan kaso ke da sashen yara na kirki ba, kuma yaron da ya kwana ɗaki guda da riƙaƙƙun ɓarayi, da wuya ya fito yadda ya shiga. Alƙalan ƙasar gaba ɗaya 'yan ɗaruruwa ne, ga al'umma fiye da miliyan 25.

Takarda guda, rayuwa guda

Duk wannan kariya ta rataya ne a kan abu ɗaya, wato a san shekarun yaro. Idan babu takardar haihuwa, sai a koma kallon tsayi da gashin baki. Yaro ɗan 16 mai ƙiran ƙarfi, wanda noma da jan guga suka buɗa wa kafaɗa, yana iya tsintar kansa a sahun manya saboda kawai babu takardar da za ta shaide shi.

Binciken lafiya da yawan jama'a na 2006 ya nuna kashi 32 cikin 100 ne kawai na yaran Nijar 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Na 2012 ya nuna adadin ya hau zuwa kashi 64. Ci gaba ne babba, amma har a lokacin yaro ɗaya cikin uku hukuma ba ta san da zamansa ba, kuma mafi yawansu a karkara suke. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su sanar da haihuwa, kyauta. Wanda ya bari wa'adin ya wuce, sai alƙali ya yanke hukunci kafin a ba shi takarda.

Shi ya sa ake shirya zaman kotu na tafi-da-gidanka. Alƙali da magatakarda su ɗauki rajista su tafi ƙauye, a kafa musu tebur a farfajiyar makaranta ko ƙofar gidan mai gari. Mata su yi layi da goyo, malamin makaranta ya jero ɗalibansa. Kowane yaro da shaidunsa. Ana tambayar uwa yaushe ta haihu, sai ta ce da kaka ne, shekarar da fara ta cinye gero. Ungozoma ta gyara mata, mai gari ya tuna wanda aka yi wa suna mako guda da shi, a lissafa har a cimma shekara. Iyaye da kakanni da yawa a wannan yanki suna riƙe da takardun da aka rubuta musu cewa an haife su wajejen shekara kaza, babu rana babu wata. Yaron da ya bar teburin nan da takarda a hannu ya samu damar zama jarrabawar BEPC, ya yanki katin ɗan ƙasa, ya karɓi gadonsa, kuma ya tabbatar wa kowace kotu cewa shi yaro ne.

Inda al'ada da doka suka haɗu

Shari'ar 'ya mace ta fi wuya. Binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar an aurar da su kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin 15. Dokar farar hula ta sa shekarun aure 18 ga namiji, 15 ga mace, amma yawancin aure bisa al'ada da addini ake ɗaura shi. Rikicin aure, saki da riƙon yara yakan fara ne a fadar mai gari ko sarki, waɗanda doka ta ba ikon sasantawa. Idan abin ya gagara a kai kotu, inda alƙali ke zama tare da masana al'adar masu ƙara. An sha yunƙurin kafa dokar iyali ba a yi nasara ba, kuma daftarin kare 'yan mata 'yan makaranta ya maƙale a majalisa a 2012. Sai a ranar 5 ga Disamba 2017 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya tanadi kariya da tallafi ga yarinyar da ke karatu, har da ba ta damar ci gaba ko da ta yi aure ko ta samu ciki.

Shari'ar Hadizatu Mani ta nuna yadda rayuwar yarinya ke iya rataya a kan mutumin da ke zaune a kujera. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita a ƙasar Ƙonni kan jaka 240 na sefa, ta zama wahaya, wato baiwar da ake ajiyewa kamar mata, a gidan wani magidanci. Shekara tara tana bauta. A 2005 ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ba za ta tafi ba, wai matarsa ce. Kotun farko a Ƙonni ta ce babu aure tsakaninsu, tana da 'yancin kama gabanta. Kotu ta gaba ta soke wannan hukunci. Kotun ƙoli ta rushe na biyun bisa kuskuren tsari, ba tare da ta taɓo maganar bautar ba. Da Hadizatu ta auri wanda take so, sai aka yanke mata wata shida a 2007 bisa laifin aure kan aure.

Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙara kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce Nijar ta gaza kare 'yarta daga bauta, duk da cewa ƙasar ta mayar da bauta babban laifi tun 2003, ta kuma umarci a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Yarinya guda, labari guda, amma hukunci ya bambanta daga wannan tebur zuwa wancan. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025. Ma'ana, wata Hadizatun da za ta taso gobe a Kurfai ko Adar, alƙalan gida ne madogararta.

Irin alƙalin da ake nema

Nijar ta taɓa ganin irinsa, kuma mace ce. An haifi Salifu Fatimata Bazeye a 1951. Ta yi karatu a makarantar horar da alƙalai ta Faransa, ta kama aiki a 1979, lokacin da matan da ke sanye da rigar alƙalanci a ƙasar ba su taka kara sun karya ba. Ta bi matakai ɗaya bayan ɗaya, daga ƙananan kotuna zuwa kotun ɗaukaka ƙara, har kotun ƙoli. A 2007 ta zama shugabar kotun tsarin mulki.

A 2009 shugaba Tanja Mamadu ya nemi tazarce. Kotun da take jagoranta ta ba da ra'ayi a watan Mayu cewa ƙuri'ar raba-gardamar da yake shirin kira ta saɓa wa tsarin mulki, sannan ranar 12 ga Yuni ta soke ƙudurin kiran zaɓen. Ranar 29 ga Yuni Tanja ya rushe kotun. Ta rasa kujera, ba ta janye hukunci ba. Bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010, gwamnatin Salu Jibo ta kira ta ta shugabanci majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya, wadda ta tantance zaɓen da ya mayar da mulki hannun farar hula a 2011. Jaridar Daily Trust ta Najeriya ta zaɓe ta gwarzuwar Afirka ta wannan shekara.

A tsallaken iyaka ma akwai takwarorinta. Mai shari'a Aloma Maryam Mukhtar ta yi aiki a kotunan Kano, ta zama mace ta farko da ta riƙe kujerar alƙalin alƙalan Najeriya, daga 2012 zuwa 2014. Mai shari'a Fati Lami Abubakar ta haɗa biyu: ta kafa ƙungiyar WRAPA a 1999 don tsaya wa mata da 'yan mata marasa galihu a gaban shari'a, sannan ta zama babbar mai shari'a ta jihar Neja daga 2013 zuwa 2016.

Wani zai ce ina ruwan shari'ar shugaban ƙasa da ta yaron ƙauye. Hali guda ake buƙata a duka biyun. Matsin da alƙalin gunduma ke fuskanta ba daga fadar gwamnati yake zuwa ba. Daga attajirin da ya riga ya kai kayan aure yake zuwa, daga dattijon da ya zo neman alfarma a rufa asiri, daga uwar da ke kuka tana roƙon a bar maganar fyaɗe a gida don kada 'yarta ta rasa miji. Alƙali a ƙaramin gari yana sallah da waɗannan mutane, yana cefane a kasuwarsu. Cewa a'a a irin wannan wuri ba ƙaramin aiki ba ne, kuma babu jaridar da za ta ba shi lambar yabo.

Sabon nauyi daga arewa

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara wa kujerar wani kaya. Tun 2012 'yan gudun hijirar Mali suka sauka a Abala, maƙwabciyar Filinge. A 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu gundumomin Tilaberi, daga baya ta haɗa da Filinge. A Agustan 2021 'yan bindiga sun kashe mutum 37 a gonakin Darey-Daye da ke gundumar Banibangu, cikinsu har da yara fiye da goma. A watan Satumba na wannan shekarar ƙungiyar Amnesty ta ba da rahoton kashe yara aƙalla 60 a yankin iyakoki uku na Nijar, tare da nuna yadda ake jan samari masu ƙananan shekaru cikin ƙungiyoyin 'yan bindiga. An rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi. Iyalai sun tsere da kayan jikinsu kawai, takardu sun ƙone ko sun ɓace.

A Fabrairun 2017 Nijar ta sa hannu da Majalisar Ɗinkin Duniya kan wata yarjejeniya: yaron da aka kama ana zargin yana tare da 'yan bindiga, a miƙa shi ga hukumomin kare yara. Wanda aka raba da garken ubansa aka rataya masa bindiga, kafin a kira shi mai laifi, shi ne farkon wanda aka zalunta. Amma ko nan tambayar ba ta canza ba, sai an tabbatar da shekarunsa kafin wannan kariya ta hau kansa.

Abin da ake buƙata a fili yake. Gwamnati ta tura alƙalin yara na musamman da ma'aikatan jin daɗin jama'a zuwa kotunan gunduma irin ta Filinge, ta ware wa yara sashensu a kowane gidan kaso, ta kai zaman tafi-da-gidanka har matsugunan waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Sarakuna da masu gari su san inda sulhu ya ƙare: fyaɗe, sayar da yaro da azabtar da shi ba maganar zaure ba ce, ta kotu ce. Limamai su riƙa tambayar takardar haihuwa ranar suna. Iyaye kuwa, daga Shikal zuwa Bonkuku, daga Damana zuwa Tukunus, duk wanda Allah ya ba ƙaruwa ya je ya sanar da haihuwar kafin kwana 60 su cika, ya karɓo takardar, ya adana ta inda ruwa da gara ba za su taɓa ta ba.